Dila da Rigar Hawan Zaki

Ga ta nan, ga ta nanku.

Ta zo mu ji ta.

To ku matso kusa, ni yau ba zan ɗaga murya ba. Wuni na yi ina surfe, kafaɗar nan kamar ba tawa ba. Wanda bai ji ba, kada ya ce in maimaita.

Dila ne dai ya gaji da zuwa biki a ƙasa. A dajinsu, wanda ya zo biki da kayan hawa, tabarma ake shimfiɗa masa, a kawo akushin nama da cinya a sama. Wanda ya tako da ƙafa kuwa, a nuna masa gindin katanga, a miƙo masa ƙashi. Dila ya gwigwiyi ƙashi a bikin Biri, ya gwigwiyi ƙashi a bikin Kurege, har muƙamuƙinsa ya gaji. Sai ga labari, wai ran Lahadi Kura za ta yi suna, ta yanka bijimai biyu.

Doki dai Dila ba shi da shi. Amma ya daɗe da lura ba mai fita ya duba turke. Riga kawai ake dubawa.

Ran Laraba yana wucewa ta bakin rafi, sai ga rigar hawan Zaki an wanke an shanya a kan geza. Zaki mutum ne mai son sukuwa, shekara biyar yana hawa da shuɗiyar rigar nan, rana ta ci ta har ta koɗe. A gadon bayanta an ɗinka harafin farko na sunansa da farin alharini, ƙato, wanda ko jahili ya gani ya san na wane ne. Dila ya dubi gabas, ya dubi yamma, ya naɗe riga ya yi gida.

Ya shiga ƙuryar ɗaki, ya ce kafin la'asar ya gama cire wannan ɗan ɗinki. Ashe aikin Bushiya ne, ita kuwa ba ta ɗinkin wasa. Allurarta a jikinta take, ba ta jin tsada, duk inda ta soka sai ta ƙulle.

Ya sa farce, ya ja zare, zare ya tsinke. Ya sa haƙori, ya ja zare, zare ya tsinke. Ya samo ƙaya, ƙaya ta karye. Ya aro reza, ya yanke yatsa. Laraba ta wuce, Alhamis ta wuce, bai ci rabin harafi ba. Bayansa ya ƙage, idonsa na ruwa, bakinsa cike da guntayen zare. Ya tsine wa Bushiya, ya tsine wa wanda ya koya mata, ya koma ya ja zare, zare ya tsinke. Sau uku yana cewa ya fasa, sau uku yana tuna cinyar bijimi.

Ran Lahadi da safe ya tsige zaren ƙarshe. Ya ɗaga riga a duhun ɗaki, ya ga ba komai. Ya zura ta, ya naɗe hannuwa, ya ɗaure gindi da igiya don kada ya taka, ya ɗauki bulala, ya fita yana tafiyar wanda sirdi ya gajiyar.

Kura ta tare shi a ƙofa, ta tambayi ina dokin. Ya ce ya ɗaure shi can bayan gari, don yana cizo. Aka shimfiɗa tabarma a tsakar gida, aka kawo akushi. Dila ya zauna, rana na dukan bayansa. Ya miƙa hannu ke nan zai ɗauki cinya, sai ya ji surutun bayansa ya ɗauke.

Ku ji abin da bai sani ba. Wurin da ɗinki ya rufe, shekara biyar bai ga rana ba. Duk rigar ta koɗe, amma nan shuɗi yake shar, kamar yau aka tsamo shi daga marina. Harafin Zaki na nan zaune daram, har ya fi da fitowa, ga hujin allura sun kewaye shi a jere. Kowa na gani, ban da mai sanye da rigar.

Zaki kuwa yana wurin. A ƙasa ya zo, kwana huɗu yana neman rigarsa, ransa a ɓace. Ya taso a hankali, ya ɗora ƙafa a kan gindin riga.

Ya ce, “Malam Dila, juyo mu gaisa.”

Dila ya waiga, ya hango gefen shuɗin a kafaɗarsa. Ya ga mutuwa tsaye da gemu. Amma bakinsa bai mutu ba.

Ya ce, “Ranka ya daɗe, ai daga nan wurinka na nufa. Sunan zare, kowane ɓarawo mai reza zai cire shi ya tafi da rigarka. Shi ne na cire zaren, na shigar da sunan cikin jikin rigar. Na sa ta ne don a gwada a gaban shaidu. Wanda ya isa, ya zo ya cire wannan.”

Kura ta kankara da farce, bai fita ba. Ta lasa, bai fita ba. Aka kawo ruwa da sabulu aka cuɗa, Dila na ciki, bai fita ba.

Zaki ya ce lallai wannan aiki ya yi. Ya tuɓe Dila, ya zura rigarsa da danshinta, ya zauna a tabarma, ya jawo akushi. Dila kuwa, tunda yanzu ba shi da kayan hawa, aka nuna masa gindin katanga.

Washegari Zaki ya aika a kira Dila, ya zo. Ya tarar da tsibin kaya a tsakar gida: rigunan hawa tara, wanduna, da jalala goma sha biyu, wato mayafin da ake shimfiɗawa a kan sirdi. Kowanne da harafin Zaki, kowanne aikin Bushiya, jiya da dare ta kawo su. Zaki ya ce duk a yi musu irin na jiya, kuma in suna ɗaya ya ɓace, fatar Dila za a jeme a shimfiɗa a kan sirdi.

Dila ya duba, ya ga duk sababbi ne fil, rana ba ta taɓa su ba. In ya cire zare, ba abin da zai saura. Sai ya yi gyaran murya, ya ce wannan aiki yana da sharaɗi: sai kaya sun sha rana shekara biyar kafin a taɓa zarensu. A ransa yana cewa shekara biyar ta ishe shi ya bar ƙasar.

Zaki ya ce, “To, a shanya su. Amma ɓarayin shanya sun yi yawa a dajin nan, kai ma ka sani. Kai za ka zauna gadi.”

Haka Dila ya zauna. Rana ta fito ya shanya, hadari ya taso ya kwashe, rana ta fito ya shanya. Kaya na koɗewa, shi ma yana koɗewa. Da shekara biyar ta cika ya sa farce, ya ja zare, zare ya tsinke. Zaki kuwa duk shekara sai ya ɗinko sababbi, a kawo a ɗora a kan tsibi.

Shi ya sa har yau gashin Dila ba shi da launin kirki. In kun ji kukansa da yamma a bayan gari, ba yunwa ba ce, an kawo masa wata jalala ne.

Ƙurunƙus kan tsohuwar allura. Wanda zai sa rigar da ba tasa ba, ya fara fita rana ya sa wani ya duba masa baya. Ku tashi haka nan, wata ta zo ta danna mini kafaɗa.