Maƙerin da Ke Rumbun Waziri

A can zamanin da, tun ana rufe ƙofofin gari da faɗuwar rana, an yi wani sarki adali amma mai saurin fushi. In ransa ya ɓaci, sai ya yanke hukunci kafin ya tambayi dalili. Wata rana ɗansa ya fita kilisa, likkafa ta ɓalle, ya faɗo ya karye a cinya. Nan take sarki ya sa aka yi shela: duk inda aka ga Nomau, maƙerin da ya ƙera likkafar nan, a kawo shi a sare masa hannun dama, wanda kuwa ya ɓoye shi, a bakin rawaninsa.

Nomau bai zame ko'ina ba sai zauren Waziri Jatau, ya zube ya kama ƙafarsa yana kuka. Waziri ya ja shi can cikin gida, ya saka shi cikin rumbun dawa ya rufe. Ba yau ya fara ba. Shekara da shekaru, in sarki ya yi hukunci cikin fushi, Waziri kan ɓoye mutumin har zuciyar sarki ta huce, sannan ya fito da shi a yi shari'a a tsanake. Mutane da yawa a garin suna yawo da hannuwansu ne albarkacin rumbun nan.

To, Waziri yana da ɗan fari, Tanimu, wanda ya girma har ya samu wurin zama a fada. Tun yana ƙarami uban ke dasa masa magana ɗaya, a kan akushi, a hanyar masallaci, a ko'ina: “Ba a ɓoye wa sarki komai. Ko ni ka ga na karkace, ka faɗa, gaskiya ta fi ni.” Da Tanimu ya tashi ba ya ƙarya ko da wasa, Waziri har bugun ƙirji yake yi a gaban tsaransa. Maganar rumbu kuwa bai taɓa yi masa ba, gani yake wannan sai manya.

Ran nan fada ta cika. Sarki ya tambaya ko an ga maƙerin, dogarai suka ce sun juye gari kaf ba labari. Sai Tanimu ya matso ya faɗi ya yi gaisuwa.

“Ranka ya daɗe, yana rumbun dawa a gidanmu. Na ga ana kai masa tuwo.”

Wayyo! Waziri ya juyo wurin ɗansa. Bai damu da rawani ba, bai ji tsoron sarki ba. Abin da ya ci masa rai, da safen nan tare suka sha fura a ƙwarya ɗaya, ɗan nan ya gyara masa alkyabba da hannunsa, amma bai ce masa uffan ba. Ya dube shi yana jiran ya sunkuyar da kai. Ina! Tanimu kallonsa yake ido cikin ido, kamar mai jiran a sa masa albarka.

Sarki ya dubi Tanimu ya ce, “Kai, me ya sa ka tona ubanka?”

“Allah ya ja zamaninka, haka ya koya mini.”

“Waziri, haka ne?”

“Haka ne, zaki,” in ji Waziri. “Abin da na faɗa da baki ya riƙe. Abin da nake yi da hannu ban nuna masa ba.”

Aka kawo Nomau, ƙaiƙayi duk a kansa. Da yake fushin sarki ya riga ya sauka, ya sa aka ɗauko likkafar aka duba, sai ga shi ƙarfen lafiya lau, tsohuwar igiyar fata ce ta tsinke. Aka sallami maƙeri da hannunsa, har da kyautar riga.

Sai sarki ya juyo wurin Tanimu. “Kana zaton ban san rumbun nan ba? Na san shi tun ba a yaye ka ba. Kawar da kai nake yi, domin shi ke tsare ni daga ɗaukar alhakin bayin Allah. Yau ka faɗa a gaban jama'a, shela kuwa da bakina na yi ta, ba ta da makawa. Ba ni da abin da zan kama ka da shi, gaskiya ka faɗa. Tashi ka warware rawanin ubanka.”

Sai a lokacin Tanimu ya gane abin da ya jawo. Ya taso ya je gaban uban. Waziri ya sunkuyar masa da kai don ya kai, ya yi ta warwara har furfura ta bayyana.

“Baba,” ya ce a hankali, hawaye na zuba, “na ɗauka za ka yi alfahari da ni.”

A ƙasar nan uba ba ya kiran sunan ɗan fari, saboda kunya da ƙauna. Baƙo ne kawai ke kiransa gatsal, Waziri kuwa tun ran suna bai taɓa furta shi ba. Ya miƙe, ya karkaɗe rigarsa, ya dubi ɗan nasa yadda ake duban mutumin da aka haɗu da shi a kasuwa.

“Ka kyauta, Tanimu,” ya ce. “Matsa in wuce.”