Na Ɗaure, Inna

An yi wani mutum a nan Fagge, ba da daɗewa ba. Ba zan kama sunansa ba, don yana da rai, kuma yana da 'ya'ya. Wanda ya gane shi ya rufa masa asiri, wanda bai gane ba ya ɗauki darasin ya ƙyale mutumin.

Wannan bawan Allah ba mashayi ba ne, ba mazinaci ba ne, kuma ba a taɓa kama hannunsa a kayan wani ba. Na faɗi haka tun da wuri, don na san halinmu. Da an ce za a ba da labarin mai zunubi, sai kowa ya gyara zama yana leƙen na kusa da shi.

Yana aiki ne da wani kamfanin ajiye kaya mai ɗan layin dogo nasa, can bayan tashar jirgin ƙasa, inda masu tafiya a ƙasa ke yankewa daga Fagge zuwa Sabon Gari. Aikinsa guda ɗaya ne. Idan aka kawo tarago aka cire shi daga jikin jirgi, shi ne zai hau ya ɗaure birkin hannu. Wani ƙarfe ne kamar sitiyarin mota a ƙarshen taragon. Sai a yi ta murza shi yana jan sarƙa, har takalman birki su kama ƙafafun taragon gam. Ba aiki ne mai wuyar ganewa ba, amma yana cin kafaɗa. Kuma dole ne a yi shi, saboda layin yana da 'yar gangara wadda ido ba ya gani, ƙarfe ne kaɗai ya san da ita.

Shekaru suka tura, jirgi ya rage zuwa, kamfanin ya koma dakon kaya da manyan motoci. Aka bar wani tsohon tarago mai rufi a tsaye a layin, aka bar mutumin nan yana gadinsa. Ya gaji, 'yan uwa. Ya gaji da zama, ya gaji da jiran jirgin da ba ya zuwa, ya gaji da yadda mutane ke wuce shi kamar sun wuce turken wuta. Da can in ya ratsa unguwar Bata da rigar aiki, har ɗaga masa hannu ake yi. Yanzu ko sallamarsa da ƙyar ake amsawa. Ya kan dawo gida da yamma ya zauna a soro, matarsa ta kawo abinci, ya ci bai ji ɗanɗanonsa ba.

To, kun san bazarar Kano. A wannan fili babu bishiya ko ɗaya, babu rumfa, sai inuwar taragon nan. Masu ƙananan sana'o'i suka taru a gefen layin saboda masu wucewa, amma inuwar ba ta isa kowa ba.

A cikinsu akwai wata tsohuwa, Inna Kubura, mai sayar da gyaɗa da aya a faranti. Ita ba ta samu wuri a inuwa ba. Wata rana mutumin nan ya gan ta a zaune cikin rana ta rufe kanta da gefen zani, numfashinta na fita da ƙyar, sai tausayi ya kama shi. Ya hau ya sassauta birki, ya sa doguwar sandar ƙarfe a ƙarƙashin ƙafar taragon, 'yan dako suka kama masa, suka gusar da shi kaɗan har inuwa ta rufe ta. Sannan ya hau ya murza birkin ya ɗaure tamau.

Tsohuwa ta yi ta sa masa albarka har hawaye. Daga nan ta ɗauki wata al'ada. In ta yi azahar, sai ta shimfiɗa tabarmarta a jikin ƙafar taragon, inda ƙarfe ke da ɗan sanyi, ta kishingiɗa. Amma ba ta taɓa kwanciya ba sai ta ɗaga kai ta tambaye shi:

"Ɗan nan, ka ɗaure?"

Shi kuma ya ce, "Na ɗaure, Inna."

Sai ta ce alhamdu lillahi, ta rufe ido.

Ya 'yan uwa, wannan aikin alheri ne, ba na musu. Amma Shaiɗan ba ya gajiya kamar yadda muke gajiya. In bai samu shiga ta ƙofar saɓo ba, sai ya zagayo ta ƙofar alheri.

Mutane suka gane ashe taragon nan yana motsawa, kuma a hannun mutum ɗaya motsinsa yake. Mai gyaran takalmi ya zo ya roƙa a ɗan matso masa da shi. Mai shayi ya zo. Mai sayar da caja da gilashin waya ya zo. Kowa da gaisuwarsa, kowa da ɗan rusunawarsa. Wani mai barkwanci ya laƙaba masa Sarkin Inuwa, sunan kuwa ya bi shi.

Ba ya karɓar ko sisi, kuma yana alfahari da haka. Ya kan ce, "Ni ban taɓa cin haram ba." Gaskiya ne, aljihunsa bai ci ba. Zuciyarsa ce take ci, safe da rana. Mutumin da ya shekara ba a kula shi ba, yau ana ce masa ranka ya daɗe. Ya fara lura da wanda ya gaishe shi da kyau da wanda ya gaishe shi a tsaitsaye. Na farko ya kwana da sanin gobe yana inuwa, na biyu ya sha rana har sai ya gyara bakinsa. Birkin da aka ba shi amana don kare rayukan mutane, ya mayar da shi abin auna wanda ya girmama shi.

Akwai wata mata a wurin, Madam Obiageli, mai sayar da shinkafa da miya. A Sabon Gari aka haife ta, Hausarta ba ta da maraba da tamu. Ita da Inna Kubura suka fi daɗewa suna raba inuwa ɗaya, in ta kwashe tukunya ma takan ajiye wa tsohuwar ƙanzo. Tana gaishe da mutumin nan kamar yadda take gaishe da kowa, "Malam, ina kwana," shi ke nan. Ba ta taɓa ce masa sarki ba.

Wata safiya ta ga yana ta kai da komo da taragon don ya hukunta mai shayi, sai ta kasa yin shiru.

Ta ce, "Haba Malam, ka bar wasa da ƙarfen nan mana. Cewa aka yi ka ɗaure tarago, ba a ce ka raba wa mutane rana ba."

Aka yi dariya. Ba dariyar mugunta ba ce, amma shi a kunnensa kamar an watsa masa ruwan zafi. Ya kira 'yan dako suka tura taragon gaba, har teburinta da murhunta suka fito fili ƙwal. Ita ba ta iya bin inuwa, don kayanta masu nauyi ne kuma masu cin abincinta sun san wurinta. Inna Kubura kuwa faranti ne da tabarma, sai ta ɗauka ta bi taragon.

A nan ne ya yi abin da ya yi. Ya ɗora hannu a kan birkin zai murza, sai ya ji kafaɗarsa ta yi nauyi. Ya ce a ransa, wannan matar kafin la'asar za ta zo ta ba ni haƙuri, in mayar mata da inuwarta a gaban kowa. To, me zai sa in ɗaure yanzu, in kwance an jima, in sake ɗaurewa? Ya sauko, ya samu dutse ya cusa a gaban ƙafar taragon, ya koma bencinsa ya zauna yana jira.

Azahar ta yi, tsohuwa ta shimfiɗa tabarma.

"Ɗan nan, ka ɗaure?"

Ya dubi dutsen, ya dubi inda Madam Obiageli ke tsaye tana share gumi. In ya tashi ya hau yanzu ya murza, kowa zai gane ashe ɗazu bai ɗaure ba, kuma maganar matar nan ta tabbata ke nan.

Ya ce, "Na ɗaure, Inna."

Madam Obiageli ba ta zo ba. Washegari ta kawo tsohon zani ta ɗaura a kan sanduna, ta ci gaba da cinikinta. Ta ma gaishe shi, "Malam, ina kwana," kamar ba a yi komai ba, wannan kuwa ya fi ƙona masa rai. Kullum ya zo da safe da niyyar yau zai ɗaure, sai ya ce a'a, yau dai rana za ta karya ta. Kullum tsohuwa ta tambaya, kullum ya ba ta amsa ɗaya. Ran farko bakinsa ya yi nauyi. Bayan 'yan kwanaki ko ɗaga kai ba ya yi.

Ina tambayar ku, me yake jira? Abinci ne? Magani ne? Kalma ɗaya ce daga bakin mace mai neman abin da za ta ciyar da 'ya'yanta. A kanta ya jingine ran tsohuwar da ta yarda da shi.

Rannan bayan azahar hadari ya haɗo daga gabas. Kun san iskar da ke zuwa gaban ruwan farko, mai ɗaga leda da kwanon rufi. Mutane suka shiga tattara kaya. Tsohuwa tana barcinta, don kunnenta ya yi nauyi. Iska ta bugi faffaɗan jikin taragon, dutsen nan da ya kwana biyu yana ɗauke da abin da ya fi ƙarfinsa ya tsage gida biyu. Taragon ya fara tafiya a hankali, ba ƙara, ba gaggawa.

Madam Obiageli ce ta fara gani, ta kurma ihu tana kiran sunan Inna. Mutumin nan ya zabura, ya yi tsalle ya hau, ya kama birkin ya shiga murzawa yana salati. Amma birkin da aka kwance gaba ɗaya ba ya kamawa da murza ɗaya. Sai sarƙa ta miƙe, sai takalma sun iso ƙafa. Ya murza har fatar tafinsa ta saɓule, birkin ya kama, taragon ya tsaya cik.

Birkin lafiyarsa ƙalau, 'yan uwa. Babu abin da ya same shi. Taragon ma bai yi wata tafiya ba, bai fi tsawon tabarma ba. Amma a kan tabarmar akwai mutum.

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ba zan kwatanta muku ba. Madam Obiageli ce ta kwance zanin rumfarta ta lulluɓe ta, ta durƙusa a wurin tana kuka, ruwan sama na dukanta.

Da hukuma ta zo bai yi gardama ba. An tsare shi, ya yi zaman da aka yanke masa. Aiki ya tafi. Matarsa ta yi haƙuri iya haƙuri, daga baya ta kwashe yara ta koma gidansu. Kamfanin ya sa aka janye taragon aka yanka shi aka sayar wa 'yan gwangwan. Yau in ka je filin nan babu inuwa ko ta mutum ɗaya, masu sana'a da yawa sun watse.

Shi kuwa da ya fito, can ya koma. Yana nan yana zama a gefen layin tun hantsi har rana ta yi sanyi, ba ya bara, ba ya magana da kowa. Ya rame, ya yi baƙi. An yi an yi ya koma gindin katanga, ya ƙi. Madam Obiageli takan zuba abinci ta kai masa da kanta. Ta taɓa kai masa lema, ya karɓa da hannu biyu ya yi godiya, ya ajiye ta a gefensa. Har yau bai buɗe ta ba.

Ya 'yan uwa, wallahi na gaji da irin wannan labari, kuma na san ku ma kun gaji da ji. Amma kowa a nan akwai birkin da aka damƙa masa. Mai gadi da ƙofarsa, direba da motarsa, ma'aikaciyar jinya da allurarta, mai awo da mudunsa, uba da gidansa. An ba ka ne don ka tsare mutane, ba don su durƙusa maka ba. Ranar da ka fara duba wa ya gaishe ka kafin ka yi aikinka, ka riga ka kwance. Kuma akwai wanda ke kwance a ƙarƙashin maganarka, ya rufe ido saboda ka ce ka yi. In ba ka yi ba, ka ce ban yi ba, ka tashi ka yi, ko da za a yi maka dariya. Dariyar mutane tana wucewa kafin magariba. Amana kuwa za a tambaye mu ita a ranar da babu inuwa sai wadda Allah ya ba bawansa.

Ƙofar tuba a buɗe take, har ga shi wannan bawan Allah, kuma muna roƙa masa. Allah ya jiƙan Inna Kubura, ya sanyaya makwancinta. Allah ya raba mu da son girma, ya tsare harsunanmu daga cewa mun yi abin da ba mu yi ba. Allah ya kiyaye mu, ya kiyaye waɗanda suka yarda da mu daga sakacinmu. Amin.