Ranar da Marka Ta Kori Kasuwa Daga Gindin Gamji

Ga ta nan, ga ta nanku, masu kunne da masu gyangyaɗi.

Ta zo mu ji ta, Kaka!

To ku matso. Kai Dogara, bar tsokanar ƙanwarka, in ba haka ba in naɗe tabarmata in shige ɗaki.

Wata mata ce ana kiranta Marka. A tsakar gidanta akwai tsamiya, a kan tsamiyar nan Shamuwa take sheƙa duk shekara. A zamanin nan babu rediyo, Shamuwa ce ke gaya wa mutanen ƙasar abin da sama za ta yi. Ta tashi can ƙololuwa, ta hango abin da ke tafe, ta sauko ta faɗa, mai shela ya ɗauka ya kai gari gari.

Mai shelar nan sunansa Tunau. Mutumin kirki ne, amma Allah ya zuba masa gaggawa. Ko gaisuwa ba ya bari a ƙarasa.

Ran nan ana tsakiyar bazara, da hantsi, sai ga Shamuwa ta faɗo kan tsamiya, baki buɗe, tana haki. Sai Tunau ya sheƙo da gangarsa.

Ya ce, "Shamuwa, me kika gano?"

Ta ce, "Baƙi biyu na tafe yau. Na farko Zafi ne, irin wanda ke kayar da ƙato. Kowa ya nemi inuwa, ya sha ruwa, kada a fita rana. Na biyu kuwa..." Sai maƙogwaro ya bushe mata. Ta ce, "Marka, taimake ni da ruwa."

Kafin Marka ta ɗebo ruwa a randa, Tunau ya yi waje. Ana ta kira, "Tunau! Tunau!" Ina! Sai ƙarar gangarsa ake ji can bayan gari.

Shamuwa ta sha ruwa, ta ɗago. Ta ce, "Ina mai shelar?"

Marka ta ce, "Ya tafi."

Ta ce, "Wayyo! Ai na biyun shi ne mugun. Hadari ne, yana bin bayan Zafi da aradu a hannu, kafin la'asar zai iso. Kuma dogon itace yake nema. Duk wanda ke gindin itace ya tashi ya shiga ɗaki."

Sai Marka ta tuna wani abu. Ranar kasuwar Gamji ce, wadda take ci a ƙarƙashin wani ƙaton gamji da babu itacen da ya kai shi tsawo a ƙasar. Kuma uwarta, Iya Dudu mai daddawa, tun da sassafe tana can zaune a gindinsa.

Marka ta ce, "Shamuwa, ki tashi ki gaya musu mana!"

Shamuwa ta ce, "Da wane fiffike? Dube ni fa. Ko katangar nan ba zan iya tsallakewa ba."

Sai Marka ta ɗaura ɗamara, ta cika gora da ruwa, ta kama hanya.

Kai, yara, ba ku san rana ba! Ranar nan ƙasa cizon ƙafa take yi. Kadangare ma ya nemi rami. Marka tana tafiya tana tafiya, sai ta ga Tururuwa sun yi layi, kowace da ƙwai a ka, suna hawa tudu.

Ta ce, "Tururuwa, ina zuwa a ranar nan?"

Suka ce, "Gudun ruwa muke, yana nan tafe. Ke kuma ki riƙa kurɓar ruwanki kaɗan kaɗan, kada ki jira ƙishirwa."

Ta kurɓa, ta wuce. Tana tafiya tana tafiya, sai ta iso wata rijiya, ga Kwaɗo a baki yana gyaran murya.

Ta ce, "Kwaɗo, waƙar me za ka yi a bushewar nan?"

Ya ce, "Ta ruwa mana, ina jin sa a fatata. Jiƙa gyalenki ki rufe kai, na ga idonki ya yi ja."

Ta jiƙa, ta rufe, ta wuce. Tana tafiya tana tafiya, har ta gaji, sai ta ga wata Saniya ta ɗaga hanci tana shinshinar gabas.

Ta ce, "Saniya, saura yaya?"

Saniya ta ce, "Ya kusa, 'yar'uwa. Amma zauna a inuwata ki maida numfashi. In kin faɗi a hanya, wa zai kai saƙon?"

Ta zauna kaɗan, ta miƙe. Sai ga ta a kasuwa.

Jama'a sun ji shelar Tunau, sun kuma bi ta sau da ƙafa. Mahauta, masu gishiri, masu tukwane, manya da yara, kowa ya cusu a gindin gamji. Shi kuwa Tunau tuni ya wuce gari na gaba.

Marka ta durƙusa gaban Sarkin Kasuwa. Ta ce, "Ranka ya daɗe, rabin saƙo aka kawo muku. Hadari na tafe da aradu, a tashi daga gindin itacen nan."

Sarkin Kasuwa ya ce, "Shela ta ce kada a bar inuwa. Ke kuma ki ce a bari? Je ki sha ruwa, baiwar Allah."

Sai ta shiga cikin jama'a tana faɗa da ƙarfi. Suka yi ta dariya. Wani mahauci ya ce, "Ku yi mata fifita, rana ta taɓa ta."

Sai ta je wurin uwarta, ta riƙe mata hannu. Ta ce, "Iya, don Allah ki tashi mu tafi."

Iya Dudu ta fizge. Ta ce, "Ke 'yar nan, ko rabin faifai ban sayar ba. In tashi in je ina? In hauka kika zo da ita, koma da abarki gida."

Suna cikin haka sai iska ta tsaya cik. Ko ganye ba ya motsi. Gabas ta yi baƙi ƙirin kamar gindin tukunya. Kun san abin da mutanen nan suka yi? Sai suka ce, "Madalla, in ma ruwan ne, ga gamji zai tare mana." Suka ƙara matsawa jikin itacen. Kai, abin haushi!

Marka ta dubi jama'a. Ta dubi uwarta, ta dubi sama, ta gyara ɗamara.

Sai ta fizgi cinyar rago daga gaban mahaucin nan. Sai ta warce rawanin Sarkin Kasuwa daga kansa. Sai ta sure faifan daddawar uwarta. Ta zura da gudu.

"Ɓarauniya! Ɓarauniya!"

To kun dai san kasuwa. In aka ce ɓarawo, babu mai zama. Mahauci ya biyo da sanda. Sarkin Kasuwa ya biyo da kai tsirara. Masu gishiri suka bar gishiri, masu goyo suka biyo da goyo, makaho ya kama rigar na gabansa yana cewa a kai shi ya sa hannu. Iya Dudu kuwa tana tsakiyarsu tana gudu tana ihu, "Kada wanda ya taɓa ta! 'Yata ce! Ni zan dake ta da kaina!"

Marka tana gudu, duwatsu na wuce kunnenta. Ɗaya ya same ta a kafaɗa, ba ta tsaya ba. Iska ta taso, sama ta fara ruri. Ta shiga ƙofar gari, ta faɗa babban zauren mai gari, ta kai bango. Babu sauran wurin gudu. Jama'a suka ɗuro bayanta, zaure ya cika, na baya suka cika soraye na ciki.

Mahauci ya ɗaga sanda.

Sai haske ya yi wal! Sai ƙara, rugugum! Ƙasa ta girgiza, sanda ta faɗi daga hannunsa. Kowa ya kwanta yana salati.

Da aka ɗago, aka leƙa ta ƙofa. Gamjin nan ya tsage biyu tun daga sama har ƙasa, yana hayaƙi. Babban reshensa ya kwanta daidai inda tabarmar Iya Dudu take.

Sarkin Kasuwa ya ce, "Wa aka bari a can? Ku duba naku. Wa ya rage?"

Aka duba. Mai ɗa ya ga ɗansa, mai miji ta ga mijinta. Sai makahon nan ya ce, "Ranka ya daɗe, babu wanda ya rage. Duk mun biyo ɓarauniya."

Sai ruwa ya tsuge. Sanyi ya shigo zaure, kowa ya ja numfashi har ciki. Wasu na dariya, wasu na kuka, wasu na yin duka biyun. Mahauci ya durƙusa, ya ce cinyar ta zama ta Marka, ta yafe masa.

Iya Dudu ta kutso tsakanin mutane. Ta ɗaga hannu kamar za ta kai mari. Sai hannun ya sauka a kan kafaɗar da dutse ya fasa. Ta yagi bakin zanenta ta ɗaure mata, hawaye na zuba, ta rungume ta ƙam.

Ta ce, "Ja'ira. Gobe in kin ce in tashi, zan tashi."

Ƙurunƙus kan ƙusu, ta ƙare a nan. In ana ba ku saƙo ku tsaya ku ji shi har ƙarshe. In rana ta yi zafi ku nemi inuwa, in sama ta fara ruri ku bar gindin itace ku shigo ɗaki. Dogara, ɗauki ƙanwarka, ta yi barci.