Harshen Barsu da Masarar Sarki Mazawaje

An ce a zamanin da dabba kan buɗe baki mutum ya saurara, an yi wani sarki a Rafin Kuka mai suna Mazawaje. Mutum ne mai son jin dalilin kome. Ko kaza ya ga tana ɗingishi, sai ya sa an kamo ta ya duba ƙafar.

Wata shekara yunwa ta yi wa garin mugun kamu. Da aka fita, sai sarki ya kafa doka cewa kowa ya cika gonarsa da masara, a daina cusa wake da gyaɗa a tsakanin kunya, don suna cin wuri. Rumbuna kuwa suka cika, makaɗa suka yi ta yabo.

Ba a daɗe ba wata cuta ta ɓulla a Unguwar Gangare, inda talakawa suke. Fatar wuya da bayan hannu ta yi baƙi ta dinga saɓulewa, baki ya yi gyambo, zawo ya biyo baya, daga ƙarshe hankali ya gushe. Karnukan unguwar ma harshensu ya yi baƙi, suna ta dalalar da miyau. Fadawa suka ce ai karnukan ne suka kawo abin. Aka yanke shawara a kashe duk karen garin, marasa lafiya kuma a tsallakar da su rafi a bar su a daji. A cikin waɗanda za a tsallakar har da Iya Marka, wadda ta shayar da sarki bayan uwarsa ta rasu. Abin ya tsaya wa sarki a rai ƙwarai, amma ya rasa mafita.

Da hantsi, ana cikin fadanci, sai ga Barsu, tsohon karen Sarkin Dawa, shugaban mafarauta. Ya tsaya a bakin zaure, don ya san ba a barin irinsu su taka shimfiɗa. Dogarai suka ɗaga sanduna, sarki ya ce su dakata.

Ya ce, "Kai, ka san gobe da kai za a fara?"

Barsu ya ce, "Na sani, ranka ya daɗe, ai shela ba a ɓoye take ba. Amma dubi nan." Ya zaro harshe, ja wur, lafiya lau. "Kullum da karnukan Gangare nake yini, kududdufi ɗaya muke sha. Me ya hana cutar kama ni?"

Sarki ya gyara zama. "Af! To, me ya hana?"

"Amsar tana cikin labarin Gwamma mai magani."

"Yaya labarin yake?"

Barsu ya ce:

A wani gari na bakin tafki an yi wata mata, Gwamma, mai ba yara magani. Yaran garin da yawa ƙafafunsu kan lanƙwashe kamar baka, mutane suna cewa aljanun rijiya ne. Gwamma ba ta musa ba, amma ta lura da wani abu. A gidajen da yara ke lanƙwashewa, kwiyakwiyin gidan ma haka suke tafiya. A gidajen masunta kuwa, yaro da kwikwiyo duk a miƙe suke. Ta ce a ranta, "Aljanin nan kuwa mai zaɓen gida ne, ba ya shiga inda ake dafa kifi?"

Sai ta samo kwiyakwiyi 'yan ciki ɗaya, ta raba su kashi biyu a ɗaki. Waɗannan kunu zalla, irin wanda ake yaye yara da shi. Waɗancan kunu ɗin dai, amma da romon kifi da man shanu. Tafi-tafi masu kunu zalla suka fara lanƙwashe ƙafa, 'yan uwansu kuwa suna ta tsalle. Gwamma ta sami abin da take nema. Amma son sani ya ja ta, ta ce, "Bari dai in ga inda abin zai tsaya."

Maƙwabcinta, wani tsohon mahauci da ake kira Tunau, ya gaji da jin kukan kwiyakwiyin, ya leƙo ta kan danga.

Ya ce, "Gwamma, kin gano abin ko ba ki gano ba?"

Ta ce, "Na gano, Baba."

"To me kike jira? Ko so kike ki zama attajiri Cinɗo?"

Ta ce, "Wane ne kuma Cinɗo?"

Tunau ya ce:

Cinɗo fatake yake yi wa masauki, kuma ban taɓa ganin mai son zaƙi irinsa ba. Alkaki da safe, nakiya da rana, fura ma sai an tsiyaya mata zuma. Yana da kare, duk loma biyu ɗaya ta karen ce. Karen ya yi ƙiba har ba ya iya korar akuya. Daga baya ya fara ramewa, ga ƙishirwa ba dare ba rana. Wata rana Cinɗo ya ga kiyashi sun yi dafifi a inda karen ya yi fitsari. Ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce karensa zuma yake zubarwa. Duk baƙon da ya sauka sai ya ja shi ya nuna masa. Har ƙara wa karen zuma yake yi, don kiyashin su ƙaru. Karen ya makance, ya mutu. Ranar da aka jefar da shi, Cinɗo ya zaga bayan gida, ya waiwaya, ya ga kiyashi sun yi layi zuwa nasa fitsarin. Bai ga wata damina ba.

Tunau ya ce, "Kin ji, Gwamma. Karen ya kawo masa gargaɗi tun da sauran lokaci, shi kuwa ya mai da gargaɗin abin kallo."

Gwamma ta koma ɗaki. Nan take ta ɗebo romon kifi ta zuba wa masu kunu zalla. Suka miƙe, ban da ɗaya da ƙafarsa ta riga ta ƙage, shi ta riƙe shi har tsufansa. Daga nan ta bi gida-gida tana cewa a sa wa yara kifi a yaye.

Barsu ya ce, "Ranka ya daɗe, kare ba ya da tukunyarsa. Ƙanzon gida yake ci. Ni a gidan mafarauci nake, ba na rasa ƙashi da ɗan nama. Na Gangare tuwon masara ne safe da yamma, su da masu su. Ba mu muka kawo cutar ba, tare muka ci ta."

Sarki ya ce a hankali, "Wato masarata kake nufi."

Waziri ya zabura. "Haba! A rushe dokar da ta cika rumbuna a kan maganar kare?"

Barsu ya ce, "Kada a yarda da maganata, Waziri, ni ma da ni ne kai ba zan yarda ba. A kamo masu baƙin harshe daga Gangare, a ba su wake da nono. Ni kuma a kulle ni, a ba ni tuwon masara zalla. Abu ɗaya na roƙa: ranar da aka gani, a tsaya."

Sarki ya ce ya yarda, aka ɗage hukunci, aka kulle Barsu a cikin wani shinge.

Karnukan Gangare ba su jima ba suka daina dalala, harshensu ya fara washewa. Barsu kuwa ya fara ƙin abinci, bakinsa ya yi wari, baƙi ya ɓullo a gefen harshe. Kullum sarki na zuwa bakin shingen yana tambaya: ina ke ciwo, yaya barci, ƙishirwa fa? Abin ya burge shi ba kaɗan ba. Ya ga abin da ake nema sarai, amma ya ce, "A ƙara masa kwanaki. Ina so in ga ko shi ma hankalinsa zai gushe kamar na mutane." Har manyan baƙi ya fara kawowa suna leƙawa.

Ran nan yana tsaye da baƙi, sai ga wata mata daga Gangare ta faɗi ta yi gaisuwa. Ta ce, "Ranka ya daɗe, Iya Marka ba ta gane kowa yanzu. Zani take naɗewa ta goya, tana cewa jaririn sarki ne, kada a tashe shi."

Barsu ya ɗago kai da ƙyar. Harshen ya kumbura, maganar ba ta fita sosai. Ya ce, "Ranka ya daɗe... kiyashin sun isa kallo?"

Sarki ya dubi baƙin, ya dubi karen. Kunya ta kama shi, irin wadda bai taɓa ji ba. Ya karɓi ƙwaryar nono da hannunsa, ya tsallake shingen, ya durƙusa ya zuba a kaskon Barsu. Daga nan ko gida bai shiga ba, ya sa aka ɗauki wake da gyaɗa da nono, ya nufi Gangare a ƙasa. A ranar aka yi shelar janye dokar.

Iya Marka ta farfaɗo a hankali. Ranar da ta gane shi, kallonsa ta yi ta ce, "Kai, Mazawaje, ka rame. Me suke ba ka a gidan nan?" Sarki ya yi dariya, hawaye na zuba.

Barsu ma harshensa ya warke, ya koma ja. Amma an makara, muryar ba ta dawo ba. Sarki ya yi ta zuwa yana tambayarsa abubuwa, shi kuwa sai dai ya kaɗa wutsiya. Waziri ya ce ko a nemo masu magani su gwada. Sarki ya ce, "Bar shi, Waziri. Ya roƙe ni abu ɗaya, na saɓa. Na ji, kuma na ɗauka. Daga yau duk wanda ya ga kare ba lafiya a garin nan, kada ya ɗauki sanda. Ya je ya buɗe tukunyar gidan."