Warkin da Aka Ɓoye a Rumbu

Akwai wani mutum a wani gari, manomi ne, shi ne kuma mai koya wa samarin garin kokawa. Kowace shekara bayan girbi, garinsu da garin ƙetaren rafi sukan haɗu a fage. A garin nan akwai wata al'ada: yaro ba ya shiga sahun manya sai mutumin nan ya ɗaura masa warkin fata da hannunsa. Wanda kuwa aka ɗaura wa warki ba shi da ikon ƙin kowa. Duk ƙaton da ya miƙo masa hannu a fage, dole ya tashi su kara.

Wata shekara aka sami wani yaro mai suna Dogara. Tun da ya fara kokawa bai taɓa shan ƙasa ba. Mutumin yana ƙaunarsa kamar ɗan cikinsa, saboda haka yakan zaɓar masa abokan karawa waɗanda ya san zai kayar, don kada zuciyarsa ta karaya. Mutanen gari suka matsa a ɗaura wa yaron warki, shi kuwa ya ɗaura.

Ranar gasa wani ƙato daga ƙetare ya miƙo hannu. Ya kama Dogara ya murɗa, Dogara ya kafe ƙafarsa a ƙasa ya ƙi faɗuwa. Sai aka ji ƙas, kamar an karya kara. Makaɗa suka yi shiru. Mai ɗori ya yi iyakar ƙoƙarinsa, amma ƙafar ba ta koma daidai ba.

Tun daga ranar tsoro ya shiga mutumin nan, ya zauna. Ya ɗauki warkin ya jefa a cikin rumbu, ya rufe. Kowace safiya Dogara yakan bi ta ƙofar gidansa za shi kasuwa wurin gyaran takalma, yana dogara sanda. Da mutumin ya ji ƙwas, ƙwas ɗin sandar daga nesa, sai ya shige ɗaki, ya tsaya bayan ƙofa har ta wuce. Babban mutum da furfurarsa, yana ɓuya a gidansa kamar ɓarawo!

Ana nan sai wani yaro ya taso, sunansa Sila. Wannan ma ya fi Dogara. Yana da ƙarfi, yana da wayo, ga biyayya. Manyan 'yan kokawar garin kuwa duk sun tsufa, gwiwa ta fara ciwo, mutanen ƙetare suna zuwa kowace shekara suna zubar da su kamar buhunan gero.

Ƙanen mutumin ya zo ya same shi a gona ya ce, "Yaya, ka ɗaura wa Sila warki mana. Yaron nan ya isa."

Mutumin ya ce, "Ƙashinsa bai yi ƙwari ba. Sai baɗi."

Baɗi ta zo, ya ce sai baɗi. Dattawan gari suka rabu biyu a gindin tsamiya. Waɗansu suka ce gaskiyarsa, ai mun ga abin da gaggawa ta jawo. Waɗansu suka ce yaro ba hatsi ba ne da za a adana shi a rumbu, ƙarfinsa yana da lokaci. Kowa ya faɗi tasa ya tafi gida ya ci tuwonsa, aka bar mutumin da fargabarsa. In ya rufe ido, ƙarar nan ta ƙashi yake ji.

A shekara ta uku ƙanen ya dawo, ransa a ɓace. Ya ce, "Yaya, mutanen ƙetare sun aiko wa Sila. Sun ce ya haye, ranar da ya iso ranar za su ɗaura masa warki. Kana ajiye shi har yaushe? Sai ya yi jika?"

Mutumin ya rasa abin yi. In ya ɗaura, yana tsoron ya sāke jin ƙas. In bai ɗaura ba, yaron zai tafi hannun waɗanda ba su san darajar ƙafarsa ba, su jefa shi cikin ƙatti. Kwana uku abinci bai shiga bakinsa da daɗi ba.

A rana ta huɗu da safe ya ji sandar tana zuwa, ƙwas, ƙwas. Ya shige bayan ƙofa kamar yadda ya saba. Amma yau sandar ba ta wuce ba. Ta tsaya daidai ƙofar gidansa. Mutumin ya ce a ransa, yau ranar da nake gudu ta zo.

Dogara ya yi sallama, ya ce, "Baba, na san kana ciki. Shekara biyar ina ganin yatsun ƙafarka ta ƙarƙashin ƙofa."

Mutumin ya fito, ya kasa ɗaga kai. Ya ce, "Ɗana, ka gafarta mini. Na yi gaggawar ɗaura maka warki."

Dogara ya ce, "Na gafarta tuntuni, Baba. Amma ba gaggawa ce ta karya ni ba. Ka koya mini kayarwa iri-iri, ba ka koya mini faɗuwa ba ko sau ɗaya. Da ƙaton nan ya murɗa ni, na san na riga na tafi. Da na saki jiki, ƙasa kawai zan sha in tashi. Kunya ce ta sa na kafe ƙafa, don ban taɓa faɗuwa a gaban mutane ba. To, Sila fa, sau nawa aka kā da shi?"

Mutumin ya san amsar ita ce ko sau ɗaya. Yadda ya yi da na fari, haka yake yi da na biyu.

Kashegari ya kai Sila bakin rafi, inda yashi yake da taushi. Ya kira tsofaffin 'yan kokawar garin, ya ce su shiga su biyu-biyu su kā da shi. Dogara yana zaune a kan dutse yana cewa, "Saki ƙafar! Sunkuyar da kai! Bi ta kafaɗa!" Ranar farko Sila ya yi kuka don kunya, gama mata masu ɗiban ruwa sun tsaya suna dariya. Haka aka yi ta yi har aka gama girbi. Ya sha ƙasa har ya daina ƙirgawa, ya zama in an kā da shi, kafin a juya ya miƙe.

Sa'an nan mutumin ya shiga rumbu ya tono warkin, ya kakkaɓe shi, ya shafa masa mai, ya ɗaura wa Sila. Dogara ya taya shi ƙulla igiyar.

Ranar gasa wani ƙato daga ƙetare ya taso, ya wuce manya duka, ya miƙa wa Sila hannu. Suka kama juna. Da mutumin ya ga ƙaton ya fara murɗawa, sai ya ja rigarsa ya rufe fuska. Ya ji tim a ƙasa. Ya tsaya yana jiran makaɗa su yi shiru.

Sai ya ji sanda tana taɓa ƙafarsa. Dogara ya ce, "Baba, buɗe idonka. An kā da shi. Ga shi can a tsaye."

Ya buɗe. Sila yana tsaye a kan ƙafafunsa biyu, yana kakkaɓe yashi daga bayansa, yana miƙa wa wani hannu. Mutumin ya zauna a ƙasa ya yi kuka, mutanen ƙetare suna tsammani baƙin cikin kaye ne.

Ma'anar wannan misali ita ce: warkin nan shi ne aikin Ubangiji a cikin ikkilisiya, wato wa'azi, da koyarwa, da jagorar sujada. Mai koya kokawa kuwa mu ne, iyaye da dattawa da malamai. Kullum muna gardama, wannan ya isa, wancan bai isa ba, muna ƙirga shekaru. Wani lokaci mu tura yaro gaban jama'a don muryarsa tana da daɗi, alhali ba a taɓa tsauta masa ba. Wani lokaci kuma tsoro ya sa mu riƙe shi muna cewa sai baɗi, har na ƙetare su kira shi, kuma kun san duniya ba ta cewa sai baɗi.

Wanda ya isa shi ne wanda ya yi kuskure a gabanmu, aka gyara masa cikin ƙauna, ya tuba, ya tashi. Bari su faɗi a kan yashi, muna tsaye kusa. Ku matasa kuma, kada ku kafe ƙafa. In kun yi laifi, ku faɗa wa Ubangiji, shi mai tā da wanda ya faɗi ne. Ƙin amsa laifi shi yake karya mutum.

Sai abu na ƙarshe, wanda ya fi ba ni tsoro. A cikin ikkilisiyar nan muna da namu Dogara. Mun tsai da shi a gaba, ya yi tuntuɓe, muka yi ta maganarsa a gidajenmu, ya daina zuwa. Har yau yana bi ta ƙofar majami'ar nan, mu kuwa muna kau da kai. Kowannenmu ya san sunansa. Gobe da safe in ka ji wucewarsa, kada ka shige bayan ƙofa.