Ƙwaron Randar Kuskus

Akwai wani mutum a wani ƙauye da ke bayan garin Baja, a ƙasar Tunusiya, sunansa Shadli. Shekara tara na yi ina maƙwabtaka da su, saboda haka ba labari aka ba ni ba, a gabana aka yi.

Kada in ɗauki alhakinsa, Shadli ba mugu ba ne. Manomin alkama ne, kuma ya riƙe mahaifiyarsa hannu bibbiyu. Amma fa akwai taurin kai! Idan ya faɗi magana, to ta zauna ke nan, ko da kowa na ganin ba haka ba ne.

Mahaifiyar tasa, Mabruka, ta haura tamanin. Haƙora sun tafi, ba abin da ke wuce mata sai kuskus mai laushi da madara da ɗan dabino. Shi take ci da safe, shi take ci da yamma.

Kowace shekara idan an gama girbi, matan gida da na maƙwabta sukan taru su murza kuskus ɗin da za a ci har shekara ta zagayo. A turara shi a madambaci, a shanya a saman soro a kan fararen zannuwa, sai ya bushe ƙayau sannan a zuba a randuna a rufe. Wannan tanadi shi ne mutuncin gida. Gidan da nasu ya lalace, matansa ba sa iya ɗaga kai a taro.

A wannan shekarar Shadli ya gina sabon ɗakin ajiya na siminti. Kai, mun sha labarin ɗakin nan! Duk wanda ya shigo gaisuwa sai an ja shi ya je ya gani. Bangon ma bai gama shan iska ba, in ka dafa sai ka ji sanyi a tafin hannunka.

Ranar shanya ta biyu sai hadari ya ɗan taso. Shadli ya ce a kwashe.

Matarsa Munjiya ta damƙo kuskus ɗin ta saki, ta ce, “Malam Shadli, bai yi ba fa. Ka ji? Ko ƙara ba ya yi a hannu.”

Ya ce, “Ya ƙarasa a randa. Ɗakina ya fi saman soron nan naku.”

Aka kwashe. Randa bakwai, aka jera su jikin sabon bango, aka rufe.

Bayan wata biyu, tsohuwa ta fara ramewa. Ta ci kaɗan ta ture kwano, wani lokacin ta amayar. Shadli ya ce tsufa ne, ya ƙara mata zuma a cikin madarar.

Ranar wata Juma’a sai ga ƙanwarsa Najat ta zo daga Tunis, babban birnin ƙasar, duba Ummi, kamar yadda suke kiran tsohuwar. Najat tana aiki ne a wata cibiyar binciken noma, inda ake tantance ƙwari a san kowanne da sunansa da danginsa. Aikin nan ya daɗe yana ba Shadli dariya.

Yana ganinta ya ce, “A’a, Likitar Ƙwari! An gama ƙirga ƙafafun kiyashin Tunis ne aka tuna da mu?”

Ta ce, “Saura naka, Yaya. Ina Ummi?”

Da ta ga tsohuwar, dariyar ta ɗauke. Ta ce ita za ta haɗa mata abinci da hannunta. Ta shiga ɗakin ajiya, ta buɗe randar da ake ɗiba, ta tsaya.

Wasu ’yan mitsi-mitsin abubuwa ne ruwan ƙasa ke yawo a bakin randar. Ba su kai ƙwayar riɗi ba. Ta duba bango, ga su nan. Ta duba ƙasan ƙofa, ga su nan ma, suna tafiya a hankali kamar ba su da gaggawar komai.

Ta lakato ɗaya da ɗan yatsa, ta fito tsakar gida inda haske yake, ta zaro madubin ƙara girman abu daga jakarta. Ta daɗe tana kallo.

Shadli ya leƙo. “Ƙwaron hatsi ne. Munjiya, kawo rariya. A tankaɗe, a nuna masa rana, ya kama gabansa.”

Gaskiya ne kuwa, haka ake yi tun kakanni. In ƙwaro ya shiga tanadi, a tankaɗe, a shanya, a ci lafiya lau. Ni ma da aka tambaye ni, abin da zan ce ke nan.

Najat ba ta ɗago ba. Ta ce, “Wannan ba shi ba ne, Yaya. Ƙwaron hatsi dogon baki gare shi da yake huda ƙwaya. Wannan ba shi da shi. Ga gashi lif-lif a bayansa. Kuma duba kuskus ɗin, ko ɗaya bai huda ba.”

“To madalla, baƙo mai kunya. Bai ci mana komai ba.”

“Abin da ya tsorata ni ke nan. In ba kuskus yake ci ba, me yake ci har ya yi yawa haka?”

Munjiya tana tsaye da rariya a hannu.

Shadli ya ce, “To faɗi sunansa mana, tunda kin sani.”

Ta ce, “Ba zan faɗa ba sai na tabbatar. Suna da yawa masu kama da juna, da ido ba a raba su. Amma ina zargin yana cikin masu cin fumfuna. In kuwa haka ne, akwai abin da ke ruɓewa a ƙasan randunan nan. Bari mu juye ɗaya mu gani.”

Wayyo, ashe ta taɓo inda ba a taɓawa. Fuskar Shadli ta canja.

“A juye min randa a tsakar gida? Maƙwabta su ce tanadin gidan Shadli ya ruɓe? Matan da suka yi kwana goma suna murza shi, ki ce musu me? Ke da bakinki kin ce ba ki san sunansa ba!”

“Na ce ban tabbatar ba. Ka ba ni kwana uku. Kafin nan, don Allah a daina ba Ummi.”

“Ta ci me? Takardunki?”

Ya sa aka tankaɗe na sama aka baza a rana. Ƙwarin suka watse, kuskus ya fito fari tas. Ya ɗebo ya nuna wa kowa, sannan ya kulle ɗakin ya jefa makulli a aljihu.

Tsohuwa tana zaune a kan buzu tana jin duk abin da ake yi. Da aka kawo mata kwanonta da yamma, ta dubi ɗanta, ta sa cokali ta ci.

Najat ta zuba ƙwari goma a ’yar kwalba ta koma Tunis ranta a ɓace. Ita ta ba ni labarin abin da ya biyo baya.

Ta ce ta ɗora ɗaya a ƙarƙashin babban madubi, ta fara bi gaɓa-gaɓa. Zaren nan biyu da ke kansa, ta ƙirga gaɓoɓinsu, goma sha ɗaya, ukun ƙarshe a kumbure. Wannan ya fitar da wasu dangi. Ta duba gefen wuyansa ko akwai ’yan haƙora, ta duba yadda gashin bayansa ya kwanta. Sai ya rage mata iri biyu, ɗaya yakan biyo hatsi ne kawai daga gona ba tare da an damu da shi ba, ɗayan kuma ba ya zama ya hayayyafa sai inda fumfuna ta yi kauri.

Ta jawo akwatunan da aka adana ire-irensu tun shekaru, ta jera, ta gwada. Ta ce sau biyu tana ɗaga waya da niyyar ta kira Yayanta ta ce ta gama, don kawai ya daina ba Ummi. Amma ta san halinsa. Ya kama ta da kuskure ɗaya, ba zai sake saurarenta ba har abada. Sai ta riƙa kiran Munjiya tana roƙo. Munjiya ta ce, “Wallahi na dama mata kunu, ya zo ya gani ya yi faɗa. Shi da kansa yake ɗibo mata yanzu.”

Ran Litinin da hantsi ta tabbatar. Na biyun ne.

Ta kama hanya nan take. Kafin ta iso, an riga an wuce da Ummi asibitin gari. Idanunta sun yi rawaya, ciki ya kumbura. A bakin ɗakin da aka kwantar da ita Najat ta sami Shadli, likita yana tambayarsa, “Malam, hantar baiwar Allah nan ta taɓu ƙwarai. Me take ci?”

Shadli ya juyo ya dubi ƙanwarsa.

Najat ba ta yi masa gori ba, ko kaɗan. Ta miƙa wa likita takardar da ta rubuto kan ƙwaron da fumfunar da gubarta ke lalata hanta, ta juya ta ce, “Yaya, zo mu je ka buɗe ɗakin.”

Ina nan lokacin da suka iso. Da ya buɗe ƙofar, wani wari ya buso, irin na rigar da aka jiƙa aka manta a ƙulle. Ƙwarin sun dawo, sun fi na da yawa. Shadli ya naɗe hannun riga ya zura hannu cikin randar, ya wuce gwiwar hannu, har kafaɗa. Sai na ga ya daskare.

Ya ce, “Da ɗumi. Najat, cikin da ɗumi.”

Ya zaro hannun. Wani dunƙule ne ya biyo shi, kore da baƙi, ƙwari na fita ta ko’ina. Ya buɗe ta biyu, haka. Ta uku, haka. Duka bakwai ɗin. Ni dai na fita waje.

Da yamma ya koma asibiti ya durƙusa a gefen gadon. Babban mutum, yana kuka kamar yaro. Ya ce, “Ummi, ki yafe mini. Wallahi ban sani ba.”

Tsohuwa ta lalubo kansa ta dafa. Muryarta ba ta fita sosai.

Ta ce, “Ni na sani, Shadli. Shekara saba’in ina murza kuskus, a ce ban san ɗanɗanonsa ba? Tun cokalin farko na ji ɗacin.”

“To me ya sa ba ki faɗa ba, Ummi?”

“Matarka ta faɗa. Ƙanwarka ta faɗa. Na ga yadda ka yi da su. Sai na ce ni kam ba zan kunyata ɗana a gidansa ba.”

Kwana goma sha ɗaya ta ƙara a asibitin. Ba ta sake komawa gidan ba, a can Allah ya karɓi ranta.

Darasi: Kada ka raina mai ilimi don abin da ya sani ƙarami ne a idonka, kuma wanda ya ce “bari in tabbatar” ba jahili ba ne, mai amana ne. Idan ka zama mutumin da ba a iya faɗa masa gaskiya, masu ƙaunarka za su yi shiru, kuma su ne za su fara cutuwa. Ku tura wa ’yan uwa wannan labari, musamman mai gidan da kowa ke tsoron ce masa a’a.