Sunan Mudi a Kan Teku

Ku ajiye wayoyin nan ku ba ni kunnuwanku, don in na gama ku ne za ku yanke hukunci.

Mudi ɗan kasuwar albasa ne a Ikko, kuma shi ne ɗan fari a wurin Inna Kande. Kun san halin iyayenmu mata da ɗan fari. Ba ta haɗa ido da shi, ba ta zama inda ya zauna, sunansa kuwa bai taɓa fita daga bakinta ba. "Yaron nan" ne tun yana rarrafe har furfura ta fara leƙo masa. Kowa yana yaba kunyar Inna. Shi kuwa abin yana cinsa a rai, kuma matarsa Asabe kaɗai ta sani.

Shekarar da kasuwa ta yi masa kyau, Mudi ya biya kujerar Makka guda ɗaya, bai faɗi mai ita ba. Ya aiki ƙanensa Tukur ya ɗauko Inna daga gida, wai ta zo ta ga teku. Nufinsa ya yi mata albishir a kan ruwa, ko daɗi zai ƙwace mata baki ta kira shi da sunansa, ko da sau ɗaya.

Da hantsi suka shiga jirgin ruwa mai inji, su huɗu har da Asabe, da wasu baƙi 'yan yawon shan iska. Jirgi ya bi gaɓa, bishiyoyin kwakwa a dama, ruwa a hagu har inda ido ya ƙare. Suka sauka a wani garin masunta mai gidaje a kan turaku, ko'ina ƙamshin kifi banda da raga a shanye. Mudi ya yi ta rawar jiki. Ya saya mata kifi, ya saya mata atamfa, ya sa aka fasa mata kwakwa. Inna ta karɓa, ta dubi Tukur ta ce, "Ka ce wa yaron nan ya rage ɓarna." Haka aka yini, ta faɗa wa Tukur, Tukur ya faɗa wa mutumin da ke tsaye a gabanta. Da la'asar Mudi ya haɗiye albishir ɗinsa. A hanyar dawowa ya tuɓe rigar nan mai hana nutsewa, ya koma can bayan jirgi ya zauna a kan gefe, ya ba kowa baya.

Wani babban jirgin kaya ya wuce, igiyar ruwansa ta doki nasu, Mudi ya faɗa. Ƙarar inji ta rufe komai. Ba wanda ya gani sai Inna, don duk yinin nan, da zarar ya juya baya, shi take kallo ta ƙasan mayafi.

Inna ta ja hannun rigar Tukur ta ce, "Yaron nan." Tukur ya gaji da aike, bai ko waiwaya ba, ya ce, "Inna, ki bari mu sauka tukuna." Ta sake ja, ta sake cewa yaron nan. Jirgi yana ta tafiya. Sai tsohuwar nan ta miƙe tsaye, ta buɗe baki da duk ƙarfinta: "Mudi! Mudi na!" Jin sunan nan a bakinta ne ya sa Tukur da Asabe suka juya tare, aka tsayar da jirgi aka koma baya. Ba don ita ba, da sai a gaɓa za a ga babu shi.

Tukur, wanda iyakar iyonsa kududdufin garinsu, ya faɗa ruwa. Ya nutsa ya fito, ya sake nutsawa, ya damƙo wuyan rigar yayansa ya ɗago shi. Ruwa ya turo su gindin jirgi, farfelar injin ta ci masa yatsu uku na hannun dama, shi da yake tela. Bai saki ba. Ba don shi ba, da kiran Inna ya tashi a banza.

Ruwa ya sake jan su nesa, babu igiya a jirgin. Asabe, wadda ko gashinta surukarta ba ta taɓa gani ba, ta cire mayafi ta kwance zani, ta ƙulla su ta jefa. Ta tsaya daga ita sai ɗan siket a gaban maza baƙi, tana ja har aka taya ta. Wani ɗan banza a cikinsu bai taya ba, hoto ya ɗauka, kuma hoton ya riga su isa unguwa. Har yau ba ta zuwa biki. Ba don ita ba, da gawa biyu za a nema.

Aka danna wa Mudi ciki ya amayar da ruwa, ya buɗe ido. Asabe ta sunkuya tana kuka ta ce, "Maigida, Inna ta kira sunanka, kowa ya ji."

Kowa ya ji, ban da shi, don yana ƙarƙashin ruwa. Ya juyo da kai wurin uwarsa ya ce, "Inna, don Allah ki maimaita."

Inna Kande ta ja mayafinta ta juya fuska ga teku. Can ta ce, "Tukur, ka ce wa yaron nan ya rufe jikinsa, akwai iska."

Ni kam wannan wurin yana yi mini ɗaci duk lokacin da na zo shi. Kujerar nan tana nan guda ɗaya, Mudi ya rantse ta wanda ya cece shi ce, kuma lokacin ba da suna ya matso. Ga uwar da ta karya kunyar rayuwarta sau ɗaya ta ƙi ƙarawa, ga ƙanen da ya bar sana'arsa a teku, ga matar da ta sadaukar da suturarta. To, ku da kuka saurara, sunan wa Mudi zai bayar?